Shekarar da Tafasa Ta Riƙe Gidanmu

Markar bana ta zo mini da kwaɗayin abin da na daɗe ban ci ba. Ruwa ya wuni yana zuba, irin yayyafin nan da ba ya ɗaukewa, katangar gidanmu na Ƙofar Jatau ta jiƙe har tana ƙamshin jar ƙasa, sai na ji ba abin da raina yake so kamar kwaɗon tafasa. Na aika kasuwa aka ce babu. Na tambayi matar da take kawo mana rama da yakuwa, ta ce rabonta da ganin tafasa mai kyau tun bara waccan. Na ce a raina, ai muna da gona.

Gonar tana bayan Ƙofar Galadima, gadon mahaifinmu ce. Ni da ƙanena Tanimu muka rage a kanta, shi yake nomawa, ni kuma a kawo mini rabona da kaka. Na yi shekaru ban taka ta ba. Da rana ta ɗan leƙo sai na yafa mayafi, na ɗauki kwando, na tari napep.

Na tarar da Tanimu a tsaye a bakin kunya, hannuwansa a baya. Masarar da ke gabansa ko kafaɗarsa ba ta kai ba, ganyenta ya yi rawaya kamar an watsa mata ruwan zafi, goyon da ta yi bai fi babban yatsa ba. Tsakanin kunyoyi kuwa ƙasa ce tas, ko tsinken ciyawa babu, sai guntayen leda baƙa da fara da suka leƙo daga cikinta.

"Yaya, lafiya? Ke ce a gona da kwando?"

"Tafasa na zo tsinka."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Tafasa kuma? Ai an yi feshi tun kafin shuka. Ko kin gani a bakin hanya ban yarda ki ci ba, maƙwabta ma duk sun fesa."

"Ita masarar me ya same ta?"

"Yunwa. Taki take so, ni kuwa rabin abin da na saba zubawa na iya saya bana."

Na tsuguna na damƙi ƙasar. Duk da ruwan da aka sha, ta ƙi dunƙulewa a hannuna, ta zube ta tsakanin yatsu, fari-fari kamar yashin rafi. Na tona da ɗan kara ko zan ga tana, ban gani ba. A nan tsugune, ina kallon ƙafafun ƙanena cikin takalmin roba, sai wata damina ta dawo mini, wadda ƙafafun nan suka kumbura har muka fidda rai.

Ina 'yar yarinya a lokacin, Tanimu yana goye a bayan Inna. Baba maɗinkin manyan riguna ne, da rani yana zaure da allura, da damina yana gona. Sai Iya, mahaifiyarsa, wadda rumbu yake hannunta. Ba ta taɓa kiran sunan Baba ba saboda ɗan farinta ne, sai dai ta ce "wannan", shi kuma ya amsa.

Noma a gidanmu tun da rani yake farawa, daga juji. A bayan ɗakin girki yake, can ake zuba toka da shara da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da abin da aka kwashe daga turken awaki. Ba abin da muke zubarwa wanda ba ya ruɓewa. In rani ya yi tsakiya sai a fasa shi, cikinsa baƙi wuluk, da ɗumi, yana tururi da safe. Maƙwabcinmu mai jakuna ya zo da mangala, Baba yana cikawa, mu yara muna kora. Duk unguwa haka ake yi, in ka tsaya a bakin ƙofar gari da hantsi sai ka ga jakuna a jere suna fita da abin da birni ya tara shekara guda. A gona a juye shi tsibi-tsibi. Bayan haka Fulani su sauka da shanunsu su ci kara, su bar mana kashin shanu, Baba ya ba su damin dawa, Iya ta karɓi nono.

Bazarar shekarar ta yi zafin da har yau ban manta ba. Bango in ka jingina sai ka zabura. Ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta. Rijiyar gidanmu ta ja baya, guga ya riƙa dawowa da laka, Inna ta tace da tsumma kafin mu sha. Da ruwan farko ya sauka mun fita tsakar gida muna tsalle, washegari kuwa duk gidan aka tafi shuka in ban da Inna. Baba a gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna jefa iri muna takewa da diddige. Gero da dawa a kunya ɗaya, gyaɗa a gefen tudu, rama da yakuwa da kuɓewa a kan iyaka, wake kuma sai an jima a tsarma shi a tsakani. Shuka ta fito kyakkyawa, kore shar, kamar an jera allurai.

Daga nan sama ta rufe. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, baƙi, har a fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Gobe ma haka. Ganyen gero ya nannaɗe, ya koma ruwan toka, ya kwanta. Maza suka fita roƙon ruwa da riguna a juye, mata suka daka gumba aka raba wa yara sadaka. Baba ya dawo daga gona ya zauna a zaure, bai ɗauki allura ba. Da aka samu wani ɗan yayyafi aka sake shuka, ita ma ta ƙone. Iri na uku daga cikin abincinmu aka ɗebe shi.

Ni ake zurawa cikin rumbu saboda ƙanƙantata. A farkon shekara daga baki nake miƙo zangarniya, a lokacin kuwa sai an riƙe hannuna na dira can ƙasa, cikin duhu da ƙaiƙayi. Wata safiya na ɗaga dami sai ƙafata ta taɓa daɓe.

"Me kika gani?" in ji Iya daga sama.

"Iya, ina ganin ƙasan rumbu."

"To kin gani. Ki miƙo abin da na ce, ki kuma rufe bakinki. Uwarki tana shayarwa, kada ki sa mata tunani."

Ruwa bai dawo sosai ba sai da lokaci ya ƙure, da ya dawo kuwa ya zo da ƙarfinsa. Shuka ta uku ta kama, ciyawa ma ta kama. Aka kira gayya kamar yadda aka saba, mazan unguwa suka fito da fartanya, yau gonar wannan gobe ta wancan. A shekarun ƙoshi tuwo ake kai musu da fura. A wannan shekarar fate Inna ta dama, mai ruwa-ruwa, na ɗauka a ka na kai. Ba wanda ya yi ƙorafi, kowa ya san abin da ya baro a gidansa. Suka sha, suka suɗe ƙwarya, suka koma suka duƙa.

A ranar na lura da yadda Baba yake noma. Fartanyarsa tana tafiya tana sare ciyawa, amma in ta zo kan tafasa ko lalo ko gasaya sai ta kauce. Iya ce ta bi su har gona ta tsaya a kan iyaka tana faɗa: "Ku bar mini ganyena. Wanda ya sare mini lalo shi zai ci ciyawar da ya bari." Suka yi dariya, amma sun bari.

Tsakanin noman farko da nunar gero, nan yunwa take zama. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya ɓace, sai fate. Faten ma kullum tsakinsa yana raguwa, ganyensa yana ƙaruwa, har ya zama sai ka juya ludayi kafin ka ga ƙwayar tsaki. Dusar da muke ba awaki Inna ta riƙa tankaɗewa tana haɗawa. Ba mai kawo ɗinki, wa yake ta riga? Baba ya sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan na ƙarshe, uwa da 'yarta, Iya ta tsaya a bakin turke.

"Wannan, in ka sayar da su, da me za ka ciyar da gonar baɗi?"

"Iya, sai mun kai baɗin."

"Za mu kai. Ka bar su."

Ya bar su.

Kullum bayan sallar asuba ni da Iya muke fita, da wasu tsofaffi da 'yan matan unguwa. Raɓa ta jiƙa mu har gwiwa, marka tana sauka a kanmu, buhu muke lulluɓa da shi. Mu bi kunyoyi da bakin hanya da gindin ganuwa muna tsinkar toho. Tafasa ta fi yawa, ko'ina tana nan, yau ka tsinka jibi ta sake tohowa. A ƙarƙashin kaɗanya mu tsinci 'ya'yan da suka faɗo mu tsotse a nan take, abin karyawarmu ke nan. In mun dawo Inna ta dafa ganyen, ta zubar da ruwan fari mai wari, ta matse shi dunƙule-dunƙule, ta kwaɗa da ɗan ƙuli da gishiri da barkono. Da rana kuma a dama garin ɗorawa, rawaya, mai zaƙi-zaƙi, ya riƙe ciki zuwa la'asar.

Kada a ce ina yabon abin. Na tsani tafasa a shekarar nan. Warinta ya kama zanena da gashina, cikina ya riƙa kuka yana murɗawa, ina tafiya ina ganin jiri. Na sha rantsewa a raina cewa in Allah ya fitar da mu ba zan ƙara kai ta bakina ba. Akwai ranar da na zauna a gaban akushi ina kuka, Iya ta dube ni ta ce, "Ci ki yi kukan da ƙarfi."

Tanimu ne ya fi ba mu tsoro. Nonon Inna ya ƙafe. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya daina kuka mai sauti, sai dai ya buɗe baki. A makon nan aka fito da yaron maƙwabtanmu, sa'ansa, a naɗe a hannu, aka wuce da shi ta ƙofar zaurenmu. Inna ta ji salatin masu wucewa, ta shige ɗaki da Tanimu ta ƙi fitowa. Iya ta bi ta ta karɓe shi. Daga ranar ita ta riƙe shi. Ta dafa lalo ya yi laushi ta murje da ƙuli, ta riƙa ɗura masa da yatsa, kaɗan-kaɗan, yini guda. In ya mayar ta goge ta sake. Gyaɗar da aka ɓoye don iri ta ɗebo ta yi masa kunu, Baba yana gani bai hana ba.

Haka muka ja har gero ya fitar da kai. Ranar da Baba ya shigo da zangarniyar farko a cikin rigarsa, ɗanya, ko gama nuna ba ta yi ba, Inna ta hura wuta aka gasa tumu. Ƙamshinsa ya cika gidan. Iya ta murje a tafin hannu, ta hure, ta tauna, ta sa wa Tanimu a baki. Ya haɗiye, ya miƙo hannu yana neman ƙari. Inna ta juya mana baya tana share ido da bakin zane.

Amfanin shekarar bai yi yawa ba, amma bi da bi ya zo. Gero ya riƙe mu zuwa gyaɗa, gyaɗa zuwa wake, wake zuwa dawa. Harawa ta tafi turke, abin da ya fito daga turke ya tafi juji. Akuyar da Iya ta hana sayarwa ta haifi biyu.

Bayan wasu shekaru malamin gona ya zo a kan babur da wani abu fari kamar sukari a cikin buhu, wai takin zamani, da irin masara. Baba ya gwada a kusurwa ɗaya. Ban taɓa ganin shuka irin wannan ba, kore har tana baƙi-baƙi, ta fi Baba tsawo, goyo bibbiyu. Baɗi ya shuka rabin gona, baɗin waccan duka. Rumbu ya cika, aka zuba saura a soro. A shekarun nan aka yi wa gidanmu rufin kwano, aka sa Tanimu a makaranta, ba a sake zura kowa cikin rumbu ya ga daɓe ba. Duk wanda ya ce bai yi murna ba a lokacin, bai ji yunwar da muka ji ba ne. Iya kaɗai ta rasu ba ta yarda da tuwon masara ba, wai ba ya kwana a ciki.

Sauran abubuwan a hankali suka tafi, ba wanda ya yi shawarar korarsu. Buhu ɗaya a bayan keke ya fi sauƙi a kan sawun jaki ba iyaka, sai mai jakuna ya sayar da jakunansa. Masara ba ta son inuwa, sai aka sare ɗorawa da kaɗanya aka yi itace. Fulani suka daina sauka, aka shiga zaman doya da manja da su. Gero da dawa suka koma sai jefi-jefi. Ƙasar kuma ta riƙa neman ƙari, abin da buhu ɗaya ya yi bana sai biyu baɗi. Yara suka tafi makaranta da kasuwa da acaɓa, gayya ta mutu, 'yan ƙwadago suka yi tsada, sai ga maganin feshi ya zo, mutum ɗaya da tanki a baya ya gama da safe abin da unguwa guda take wuni tana yi. A kowane mataki, in da ni ce a wurin Baba ko Tanimu, abin da suka yi zan yi.

"Gwaggo! Gwaggo, zo ki ga nawa."

Muryar Nuhu ce ta dawo da ni. Babban ɗan Tanimu ne, ya karanta aikin gona, ya gama ya dawo gida ba aiki. Yana can gangaren gonar, wajen da ya roƙi ubansa ya bar masa. Na miƙe da ƙyar na bi shi.

Wurin bai fi girman tsakar gida biyu ba, amma dabam yake. Dawa ce da wake a tsakani, ganyen kore sosai, ƙasar da ɗan duhu. Ya ce bai zuba takin buhu ba, bai yi feshi ba.

"Ba mu kaɗai ba ne, Gwaggo," in ji shi. "Duk duniya maganar da ake yi ke nan, yadda za a ciyar da mutane ba a kashe ƙasar da ke ciyar da su ba. Abin da muka karanta, rabinsa abin da su Kaka suke yi ne. A mayar wa ƙasa abin da aka ɗauka, a haɗa shuka, a bar itatuwa."

"To ina ka samo taki?"

Ya nuna mini wani tsibi a gefe, ya kai ƙirjina. Leda ce zalla, da robar ruwa, da fasassun kwalabe, da batir, da ƙunzugun yara na zamani. Ya ce tifa ya sa ta kwaso masa bolar unguwa, ya yi rani guda yana tsincewa da hannu, abin da ya rage mai amfani bai kai wanda ya zubar ba. Ya nemi na turke, ya tarar masu lambu sun riga shi, ga shi awakin birni ma ledar suke ci suna mutuwa. Noma kuma shi kaɗai, abokansa sun zo rana ɗaya ba su dawo ba. Ya buɗe mini tafin hannunsa, duk kanta ta fashe.

Tanimu da ya biyo mu ya ce, "Na ga kyanta, ban musa ba. Amma wannan ɗan wurin ya cinye maka rani da damina. Gonar duka fa? Shekara nawa kafin ta farfaɗo? A tsakani me ƙannenka za su ci?"

"Baba, in ba a fara ba ai ba za a kai ba."

"Haka ne," in ji Tanimu. Na duba na ga kowannensu yana da gaskiya, kuma gaskiyar ɗaya ba ta taimaki ɗayan da komai ba.

A tsakanin waken na samu 'yan tsirarun lalo, na tsinka, ko tafin hannu bai cika ba. Duk da haka na koma gida da ɗan sanyi a raina. Har na fara cewa jikokina su riƙa ware mini toka da ɓawo a wani tsohon bokiti, in tara wa Nuhu.

Ba a yi nisa ba aka yi ruwan nan mai ƙarfi na ƙarshen marka, wanda ya rushe katangu a cikin gari. A da in aka yi irinsa kududdufai ne suke shanyewa, sauran ya bazu a gonakin tudu. Yanzu an cike kududdufan an yi gini, gonakin tudun ma gidaje ne da kwano da siminti. Ruwan duk ya haɗu ya biyo hanya ɗaya, ya faɗa gonarmu ta sama, ya tarar da ƙasa tsirara ba saiwar da za ta riƙe ta, ya tsaga ta biyu ya gangara. Gangaren kuwa nan ne wurin Nuhu.

Na je washegari. Kwari ne ya buɗe, zurfinsa ya wuce tsayin mutum, jar ƙasa a fili. Dawar tana kwance can ƙasa cikin laka, saiwa a sama. Baƙar ƙasar da yaron nan ya tsince da yatsunsa ta bi ruwa ta tafi rafi. Tsibin ledar ne kawai ya watsu ya maƙale a jikin karan masara. Nuhu yana zaune a bakin kwarin. Na yi masa jaje, ya ce, "Ba komai, Gwaggo," bai ɗago ba. Kafin kaka wani abokinsa ya samo masa aiki a shagon sayar da waya a Kaduna, ya tafi. Bokitin tokar yana nan a bayan ɗaki, na rasa wanda zan ba.

Da aka karya masara Tanimu ya zo da kansa ranar Juma'a bayan an sauko, rabona a bayan babur, buhu ko cika bai yi ba. Ya zauna a kan tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ga furfurarsa ta fi tawa.

"Yaya, akwai maganar da na daɗe ina juyawa. Masu yanka filaye sun sake zuwa."

"Na ji."

"Kwarin nan baɗi zai ƙara ci. Ba ni da abin tare shi. Takin da zan saya ya fi abin da zan girba. In na jira, ita kanta gonar ba mai so. Amma ba zan yi komai ba sai da yardarki, haƙƙinki yana ciki."

"In an sayar ina za ka yi noma?"

"Na gaji, Yaya."

Na so in ce masa wani abu game da Baba, ko Iya, ko Nuhu in ya dawo. Na duba ban ga abin da zan faɗa wanda zai toshe kwari ko ya cika buhu ba. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya ce amin. Kafin a gama kwashe kara an kafa turaku, an ja igiya, tifa ta fara juye yashi.

Makon jiya na shiga kasuwa sayen daddawa, sai na hango shi a layin 'yan hatsi. Ban taɓa ganin Tanimu a gaban mai awo ba, tunda yake a duniya daga rumbu yake ci. Yana tsaye da 'yar jaka a hannu kamar baƙo. Ya zura hannu cikin buhun masara, ya ɗebo, ya watsa a tafinsa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa. Na matsa kusa, bai gan ni ba.

"Wannan ta ina ce?" ya tambayi mai awon.

"Wallahi Alhaji ban sani ba. Mota ce ta sauke, daga nesa dai."

"Can ɗin da me suke nomawa?"

"Da me kuwa? Taki da feshi mana, kamar kowa."

Tanimu ya jinjina kai, ya daɗe yana kallon ƙwayoyin da ke hannunsa.

"Tasu ƙasar ba ta gaji ba tukuna ke nan," in ji shi. Ya mayar da su cikin buhu, ya karkaɗe hannu, ya buɗe bakin jakarsa. "Auna mini."